Daga Fallomi Zuwa Injamena: Tarihin Birni Ta Wuraren Ziyararsa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ce Injamena, babban birnin Chadi, gari ne da Faransawa suka kafa. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Wannan maƙala za ta bi wuraren da baƙo kan ziyarta a birnin da kewayensa, domin a nuna cewa Turawa sun tarar da mutane a wurin, kuma ba su kaɗai suka raya garin ba.

2.0 Bakin Kogi

Ziyara takan fara ne daga bakin kogin Shari, inda ya haɗu da kogin Lagon. A nan masunta ke fito da kwalekwale, wani lokaci ma akan hangi dorina. A tsallake akwai garin Kuseri na Kamaru, inda aka gwabza yaƙi ranar 22 ga Afrilu, 1900, tsakanin sojojin Faransa da na Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. Rabe ya faɗi a wannan rana, haka ma Kwamanda Lami na Faransawa. Ranar 29 ga Mayun wannan shekara Emile Gentil ya kafa sansani a gaɓar Shari, ya sa masa sunan Fort-Lamy, wanda Hausawa suka mayar Fallomi. Sunan bai sauya ba sai 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mai da shi Injamena, daga Larabcin Chadi, ma'ana wurin hutawa.

3.0 Gawi da Mutanen Sao

Kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da birnin akwai ƙauyen Gawi na Kotoko, waɗanda ke danganta kansu da mutanen Sao. Su Sao sun zauna kudu da Tafkin Chadi ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, sun bar garuruwa masu ganuwa, da manyan randunan da suke bizne matattu a ciki, da mutum-mutumin yumɓu. An mai da tsohuwar fadar sarkin Gawi gidan tarihi, kuma har yau matan garin na ginin tukwane da yi wa bangon gidaje zane. Wanda ya ga Gawi zai gane cewa 1900 ba ita ce farkon labari ba.

4.0 Hanyar Alhazai

Fallomi tana kan hanyar ƙasa da alhazai ke bi daga Kano ta Borno zuwa Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, don haka da yawa sukan yada zango su nemi guzuri. Wasunsu ba su ci gaba ba, suka zauna suna fatauci da fawa da koyar da karatun allo. Shi ya sa har yanzu ana jin Hausa a kasuwannin birnin, kusa da Larabci da Faransanci.

5.0 Abin da Yaƙi Ya Ci

Yaƙin basasa na 1979 da 1980 ya rusa sassa da dama na birnin, har da babban cocin Katolika, aka kuma yi asarar kayayyaki masu yawa na Gidan Tarihi na Ƙasa. Duk da haka gidan ya farfaɗo, yana nuna kayan Sao da bayanin Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana ke ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan 7.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kogi da Gawi da kasuwa kowanne yana riƙe da wani ɓangare na tarihin Injamena. Ga ɗalibin Hausa, abin lura shi ne sunaye: Fort-Lamy da Fallomi da Injamena duk gari ɗaya ne, amma kowane suna yana nuna wanda ke magana da kuma zamanin da yake ciki.