Wa ya fara ƙirga kwamfutocin da suka mutu?

Duk ɗalibin kwamfuta, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a poli ta Ƙauran Namoda, da ya ɗauki furojek kan lalacewar na'urorin gajimare, tambayar farko da malaminsa zai yi masa ita ce: ina alƙalumanka? Amsar tana da tarihi.

Gajimare dai ba komai ba ne illa kwamfutocin wasu, jere a manyan zauruka, kuma suna mutuwa kamar kowane ƙarfe. Shekara da shekaru masu su ba sa faɗin nawa ne ke mutuwa. Wane ɗan kasuwa ne zai tallata aibin hajarsa? Abin da mai bincike ke da shi kawai shi ne takardar kamfanin da ya ƙera faifan ajiya, wadda kan ce faifan zai yi awa miliyan guda kafin ya lalace.

Ƙofar ta fara buɗewa ne daga cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, wadda ta saki kundin matsalolin manyan kwamfutocinta na 1996 zuwa 2005, kimanin matsala 23,000. A 2007 Bianca Schroeder da Garth Gibson na Jami'ar Carnegie Mellon suka auna waccan awa miliyan da abin da ke faruwa a zahiri. Bisa lissafin takarda, bai kamata a canja ko faifai ɗaya cikin ɗari a shekara ba. Su kuwa suka tarar ana canja biyu zuwa huɗu, wani wurin har 13.

A shekarar ne Google ya fitar da nazarin faifai sama da 100,000. Ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko wajen tantancewa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba. Sai dai sakamako ya bayar, ɗanyen bayanan ya riƙe abinsa. A ganinmu gwanin labarin shi ne Backblaze, kamfanin da bai kai rabin su Google suna ba. Tun 2013 yake rubuta halin kowane faifai kullum: irinsa, lambarsa, girmansa, ya mutu ko yana aiki. Kowa na iya saukewa kyauta, in ban da kuɗin data, don fayilolin ba ƙanana ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Nazarin Google ya nuna zafi bai cika kashe faifai kamar yadda ake zato ba. Gaskiya ne, amma a zauren da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana. Ɗalibin da ya kwafo wannan ya ɗora wa shagon buga takardu a Bungudu ya yi aron riga. Can babu zafin Afrilu, babu ƙurar hunturu, babu wutar da za a ɗauke a kawo da ƙarfin da zai ƙone caja, babu janareto mai tari.

Alƙaluman wannan yanayi namu suna kan masu gyaran kwamfuta na Gusau da masu cibiyoyin rajistar jarrabawa, kuma a baki suke, ba a takarda ba. Kundin Los Alamos ma ai daga rahoton ma'aikata ya taru, matsala bayan matsala. Ɗalibi zai iya koyon lissafin da bayanan Backblaze, sannan ya raba littafi ga shaguna goma tsakanin Tsafe, Gusau da Bungudu, a riƙa rubuta rana, irin na'ura, shekarunta, abin da ya lalace, da wutar da take kai, ta NEPA ce, janareto ko sola. In aka fara a Nuwamba aka rufe a Mayu, an kama hunturu da bazara duka.