Maƙwabtan Ƙwayoyin Gado a Cikin Yis

Yis, wanda masu burodi da fanke a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ke kumbura ƙullu da shi, shi ne masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. A 1996 aka kammala karanta kundin gadonsa: ƙwayoyin gado kusan 6,000 cunkushe a kan kuromosom 16.

Duk da cunkoson, galibi kowace ƙwaya tana kama aiki ko ta tsaya ba tare da ta motsa maƙwabciyarta ba. Dalili shi ne makunnin kowace ƙwaya, wato sashen da ke kunna ta, ba ya cin dogon zango, kuma furotin irin su Reb1 da Abf1 kan tsaya tsakani kamar katanga. Ƙwayoyin gado GAL1 da GAL10 kuwa makunninsu ɗaya, tare suke tashi idan yis ya samu sukarin galaktos.