Allo, Laya da Maƙwabci: Tarihin Wata Tsohuwar Muhawara a Unguwar Hausawa ta Yawunde

Duk baƙon da ya sauka Yawunde, babban birnin Kamaru, ya tambayi inda Hausawa suke, unguwa ɗaya za a nuna masa, wato Briqueterie, wadda 'yan gari ke gutsure sunanta su ce Birik. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin gasa bulo, domin a nan aka yi aikin jan bulo tun zamanin Jamusawa. Masu ƙasar kuwa, Ewondo, Ekoudou suke kiran wurin. An san unguwar da tsire da kilishi, da teloli da masu sayar da yadi, da kiran salla da ke tashi daga kowane lungu. Sai dai akwai wata buƙata da ke kawo mutane Birik wadda ba a cika faɗinta a fili ba, ita ce neman taimakon malam. Masu zuwa kuma ba Musulmi kaɗai ba ne.

A Faransancin Kamaru, kalmar marabout ce ake kiran malamin da ita. Asalinta Larabci ne, murabiɗ, mai zaman ribaɗi domin ibada da tsaron iyaka. Amma a bakin mutumin Yawunde ta koma ta ƙunshi mai karantar da yara da mai duba da mai jifa baki ɗaya, har an ƙera mata aikatau da ke nufin yi wa mutum sammu. Hausa ba ta yi wannan gwamutsi ba. Tana da malam, tana da malamin tsibbu, tana da boka da ɗan bori da matsafi, tana kuma da maye, wanda shi ba sana'a yake yi ba, mugun abu ne ake zargin yana cikinsa. Ɗalibi ya lura cewa tsibbu daga ɗibbu ta fito, kalmar Larabci mai nufin ilimin magani, amma da ta shigo Hausa sai ta zauna a kan iyaka: rabinta a zauren karatu, rabinta a wani wuri da ake shakka. Tarihin wannan iyaka ya girmi Yawunde da ƙarnoni.

Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu, ana yi masa yanka domin neman nasara da tsarin gari. A zamanin Sarki Muhammadu Alwali, wanda ya yi mulki daga 1781 zuwa 1807, aka nemi shanu domin Dirki, ya ƙi bayarwa, ya sa gatari ya fasa shi, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutanen gari suka yi masa baki cewa shi ma za a fitar da shi kamar yadda ya fitar da Littafin. Wannan labari ya tattara matsalar gaba ɗaya. Abin da ke ciki mai tsarki ne ga kowane Musulmi, abin da ake yi masa daga waje kuwa tsafi ne. To, wanda ya yanka wa Dirki sa, me za a kira shi?

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya amsa wannan tambaya da ƙarfi. A cikin Nurul Albabi ya kasa mutanen ƙasar Hausa uku: Musulmi na gaskiya, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da masu cakuɗa ayyukan Musulunci da na kafirci. A kashi na ukun ya saka masu yanka ga itatuwa da duwatsu, da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa, da masu rubuta sunayen Allah da jini ko a kan abu mai ƙazanta. Bayan jihadin 1804 ya kai ga iyakar Barno, sai Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi ya rubuto yana ƙalubalantar wannan hukunci. Hujjarsa ita ce mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna gina masallatai. Saɓo kuma, komai girmansa, ba ya fitar da mutum daga addini, kuma irin waɗannan bidi'o'i akwai su har a Masar. Muhammadu Bello ya mayar masa da cewa yanka ga dutse ya wuce saɓo, shirka ne. Wasiƙun suna cikin Infaƙul Maisuri. Wanda ya karanta su zai ga cewa kusan duk abin da ake faɗa yau a wa'azin bayan Magariba, ko a Kano ko a Birik, an riga an faɗe shi shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma da ladabin da ya fi na yanzu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa masu jihadi sun haramta neman waraka da Alƙur'ani. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihun Malikiyya ke bi ta kanta, ta halatta tofi da Littafin Allah, ta kuma halatta rataya laya idan Alƙur'ani ne a cikinta. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta yaƙi bori a tsakanin mata, ita ce kuma ta tattara fa'idojin surori domin masu ciwo da masu naƙuda. Abin da ta yi shi ne ba mata wani abu a madadin abin da ta hana su. Saboda haka gardamar ba ta taɓa zama tsakanin masu yarda da laya da masu ƙin ta kawai ba. Tambayar ita ce me aka rubuta, da me aka rubuta shi, kuma ga wa zuciya ta dogara.

Wannan ilimi ya gangara kudu tare da fatake. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta, aka kafa lamidoci irin su Ngaundare da Tibati da Banyo, hanya ta buɗe wa Hausawa masu neman hauren giwa da goro, daga baya kuma roba. Da wuya ayari ya tashi babu malami a cikinsa. Shi ke zaɓar ranar tashi, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke ba da tsarin hanya. Idan an sauka a ƙasar da ba ta Musulmi ba, sau da yawa allonsa ya fi hajar madugu saurin samun kasuwa, domin sarkin da bai damu da salla ba yana iya damuwa ƙwarai da maganin ƙarfe.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Fumban, babban birnin Bamun. A tsakiyar shekarun 1890 tawaye ya kusa cin Sarki Njoya yana matashi, ya nemi gudummawar Lamiɗon Banyo. Mahayan Fulani suka zo suka murƙushe 'yan tawayen. Njoya ya ga yadda suke salla da addu'a kafin su shiga fage, ya ƙudurta cewa a nan sirrin nasararsu yake, ya nemi a ba shi. Ta wannan ƙofa Musulunci ya shiga fadar Bamun: an fara neman sa a matsayin maganin yaƙi. Labarin yadda ya ƙirƙiro rubutunsa ma yana da ƙamshin zauren malam. Ruwayar Bamun ta ce a mafarki aka umarce shi ya ɗauki allo ya zana hannun mutum, ya wanke ya sha. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san rubutun sha ne, wanda Njoya ya gani a wurin baƙinsa. Daga nan ya fitar da alamomi kusan 500, ya yi ta rage su har suka dawo wajen 80. Da 'yan mishan na Basel suka iso a 1906 ya karkata gare su, amma batun matansa da yawa ya hana a yi masa baftisma. Bayan tafiyar Jamusawa ya koma ga Musulunci, ya kuma rubuta littafin addini nasa na kansa, Nuet Nkuete, inda ya haɗa abin da ya ɗebo daga Alƙur'ani da Linjila da al'adar kakanninsa. Da ma'aunin Nurul Albabi, wannan shi ne cakuɗawa tsantsa. Amma ɗansa Seidou Njimoluh, wanda ya gaje shi ya yi mulki har 1992, Musulmi ne da ya yi aikin hajji, kuma Fumban a yau tana cikin manyan garuruwan Musulmi na Kamaru. Faransawa sun kai Njoya gudun hijira Yawunde a 1931, a can ya rasu a 1933. A ganina, wanda zai yi hukunci a kan malaman da suka fara rubuta wa Njoya laya, ya kamata ya sa wannan sakamako a kan sikeli shi ma.

Ita Yawunde, Jamusawa suka kafa ta a matsayin sansani a ƙarshen shekarun 1880. Hausawa sun iso a zamanin Hans Dominik, wasu fatake da mahauta, wasu kuma cikin sojan Jamus. Bayan Faransawa sun mai da garin hedikwata a 1921, aka tashi Hausawa daga inda suka fara zama a tsakiyar gari, a shekarun 1930 suka tare a Ekoudou. Halin da suka tarar ya bambanta da na Fumban. Limaman Katolika na Pallotti sun riga sun kafa mishan a kan tudun Mvolyé tun 1901, kuma Ewondo, ƙarƙashin babban sarkinsu Charles Atangana, sun shiga Kiristanci da yawan gaske. Bahaushe a nan baƙo ne, tsiraru, a kan ƙasar wani. Ba shi da sarkin da zai musuluntar, ba shi da ikon karɓar jizya kamar yadda aka yi da Maguzawa a gida. Zaman amana ya juya: shi ne yanzu yake cikin amanar wasu.

Masu masaukin nasa kuma suna da nasu ilimin ɓoye. Beti, waɗanda Ewondo ke cikinsu, sun yi imani da evu, wani abu da ke zaune a cikin cikin mutum, wanda kan iya ba shi baiwa ko ya mai da shi mai cin mutane, kuma suna da ngengan mai magance shi. Bahaushe da ya ji wannan ba zai yi mamaki ba, domin ya san ƙanƙarar maita. Tsoro iri ɗaya ne, harshe ne ya bambanta. A kan wannan tsoro aka yi cinikin da ya daɗe: mutumin gari ya je coci ran Lahadi, idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya gwada ngengan, idan abin ya faskara ya gangaro Birik wurin malam. Malaman da ke karɓar irin wannan baƙo suna da hujjarsu a Sahihul Buhari, hadisin sahabin da ya yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha bayan wani abu mai dafi ya harbe shi, alhali ƙabilar ta ƙi saukar su, ya karɓi tumaki lada, Annabi (SAW) kuma bai hana ba. Masu suka kuwa suna cewa tofi da Fatiha daban, hatimin Shamsul Ma'arifi da bugun ƙasa da mallaka daban, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa na biyun ne. A nan masu sukar suna da gaskiya mai yawa, ko da yake ba kowane mai allo ne ɗan damfara ba.

Hukuma ta shigo da ma'auni na uku. Sashe na 251 na dokar laifuffukan Kamaru, wanda ya samo asali tun 1967 aka kuma bar shi a gyaran 2016, ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar faran 5,000 zuwa 100,000 ga mai aikata maita ko sihiri ko duba ta hanyar da za ta tada hankalin jama'a ko ta cutar da wani. Dokar ba ta tambayar ko abin shirka ne, cutarwa take dubawa. Masanin nan Peter Geschiere ya nuna yadda kotunan gabashin ƙasar, a shekarun 1980, suka riƙa ɗaure waɗanda ake zargi da maita bisa shaidar bokaye. Wato ƙasar da tsarin mulkinta ya ce ba ta bin wani addini, ta wayi gari tana gaskata boka a gaban alƙali.

Daga cikin gida ma iska ta sauya. An kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya tsallaka iyaka ta kaset da bakin fatake, ɗalibai suka dawo daga jami'o'in ƙasashen Larabawa, dokar 19 ga Disamba 1990 ta sauƙaƙa kafa ƙungiyoyi, aka kuma buɗe babban masallacin Tsinga da kuɗin Saudiyya a shekarun 1990, ba nisa da Birik. Matasa suka fara tsinke layun da iyayensu suka ɗaura musu, suna karɓar ruƙiyya a madadinsu. Dattawan Tijjaniyya suka ga an raina malaman da suka riƙe addini a garin tun babu kowa. Abin lura shi ne zafin wannan gardama ya fi sauka a kan ɗan'uwa Musulmi fiye da maƙwabci Kirista, kamar dai yadda ta kasance tsakanin Sakkwato da Barno.

Game da maƙwabcin, kowane ɓangare yana karanta aya ta 108 ta Suratul An'ami, wadda ta hana zagin abin bautar wasu, da aya ta 256 ta Baƙara a kan rashin tilastawa. Hausa kuma tana da nata zancen: tsafi gaskiyar mai shi. Karin maganar bai ce tsafi gaskiya ne ba, bai kuma ce a je a fasa shi ba. Ya bar wa mai abu abinsa. Wasu malamai na ƙyamar wannan magana, suna ganin sassauci ne ga ɓata. Amma da irinta mahauci Bahaushe a Yawunde ya shekara fiye da ɗari yana yanka da bisimilla yana sayar wa Ewondo nama. A kalandar Kamaru ƙaramar Salla da babbar Salla ranakun hutu ne kamar Kirsimeti, kuma lokacin da Fafaroma Benedict na 16 ya zo Yawunde a watan Maris na 2009, ganawa da wakilan Musulmin ƙasar tana cikin abubuwan da ya yi kafin ya wuce Angola.