Tarihin Cinikin Na'urorin Wankin Ƙoda a Kano

Wankin ƙoda, wato tace jinin majiyyaci da na'ura domin fitar da guba da rarar ruwa idan ƙodojinsa suka gaza, ya samo asali ne daga aikin Willem Kolff, likitan ƙasar Holan da ya haɗa na'urarsa a 1943. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ne ya fara wannan aiki a 1981, kuma tsawon shekaru bayan haka mai ciwon ƙoda daga Arewa sai ya yi doguwar tafiya, in yana da hali, kafin ya sami magani.

Al'amarin ya sauya a Kano bayan kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, wanda daga baya ya buɗe sashen wankin ƙoda, har ya yi nasa dashen ƙoda na farko a 2002. A unguwar Nassarawa kuwa, tsohon Asibitin Nassarawa, wanda aka sauya wa suna domin tunawa da Muhammad Abdullahi Wase, gwamnan soja na jihar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos a 1996, shi ma ya shiga wannan hidima. Daga nan ne wata sabuwar sana'a ta kafu, ta wakilan da ke kawo na'urorin kamfanoni irin su Fresenius da B. Braun na Jamus da Nipro na Japan.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran fatauci shi ne cewa ciniki ba ya ƙarewa ranar da aka sauke na'ura, domin kowane zaman wanki yana cinye matata, wato bututun da jini ke ratsawa a tace shi, da robobin jini da allurai da ruwan sinadari, yawancinsu kuma daga waje ake shigo da su. Tunda ƙa'ida ita ce majiyyaci ya yi wanki sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, ana amfani da ruwa wajen lita 120 a zama guda, kuma dole a tsarkake shi sosai kafin ya kusanci jini. Saboda haka wakilin da ya san aikinsa yakan duba ruwan rijiyar burtsatse da ƙarfin janareto kafin ya yi maganar farashi, ya horar da ma'aikatan jinya, ya kuma tanadi injiniya da kayan gyara, kasancewar na'urar da ta tsaya kwana biyu tana iya jefa rayuka cikin haɗari.

Farashin dala shi ne babban ƙalubalen sana'ar, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2016 da 2023, lokacin da kuɗin kayan ya yi tashin gwauron zabo, majiyyata da yawa suka rage zamansu zuwa sau ɗaya a mako, asibitoci kuma suka koma neman wakilan da za su iya ba su kaya bashi.