Daga Yunwar Ayalan Zuwa Kuturtar Gyaɗa: Tarihin Horar da Likitocin Tsiro



Jawabina na yau ya shafi wani fanni na ilmi wanda ba a cika jin sunansa a bakin ɗalibai ba sa'ad da suke shawarar abin da za su karanta bayan digiri na farko, watau ilmin cututtukan amfanin gona da hanyoyin yaƙi da su. Masanan wannan fanni zan riƙa kiransu likitocin tsiro, domin sauƙin magana. Nufina in bi tarihin yadda aka fara horar da su, da irin ayyukan da suka kama, domin in fito da abu guda da tarihin ya yi ta maimaitawa: kusan kowace kujerar koyarwa da kowace tashar bincike ta wannan fanni bala'i ne ya haife ta. Hukumomi ba su kan tuna da likitan tsiro ba sai gona ta riga ta mutu, alhali kuwa horar da mutum guda, daga shigarsa jami'a zuwa digirin dakta, yakan ci kusan shekara goma.

Yunwar da ta buɗe ƙofa

A cikin 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasashen Turai. Ganye ya yi baƙi, dankalin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ruɓe, har wanda aka riga aka tona aka adana bai tsira ba. Inda abin ya fi muni shi ne tsibirin Ayalan, mai mutum fiye da miliyan 8, inda talakawa suka dogara ga dankali kusan shi kaɗai, galibi kuma iri ɗaya suke shukawa. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka. Lalle ba cutar kaɗai ce ta kashe su ba, domin an ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin, gwamnatin da ke London kuma ta yi sakaci wajen agaji. Amma cutar ce ta tona asirin ilmin zamanin.

Manyan masana na lokacin, irin su John Lindley, sun ɗauka yawan ruwan sama da sanyi ne suka ruɓar da dankalin, funfunar da ake gani a ganye kuwa daga baya ta zo, kamar yadda take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Wani limamin coci a Ingila mai sha'awar nazarin tsirrai, M. J. Berkeley, ya rubuta a 1846 cewa funfunar ita ce sanadin ciwon. Ba a kula shi sosai ba. Sai a 1861 wani Bajamushe, Anton de Bary, ya raba gardama ta hanyar gwaji: ya ɗauki ƙwayoyin cutar ya shafa wa lafiyayyen dankali, ya kamu, wanda bai shafa wa ba kuma ya zauna lafiya. A 1876 ya raɗa wa ƙwayar sunan da ake kiranta da shi har yau, Phytophthora infestans. Binciken baya ya nuna ba funfuna ce ta ainihi ba, ta fi kusa da wasu halittun cikin ruwa, amma hujjar de Bary tana nan daram.

Abin lura ga batunmu shi ne de Bary malamin jami'a ne. Ɗakin bincikensa, musamman bayan da ya koma Strasbourg, ya zama matattarar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suka riga suka gama karatun farko suka zo koyon bincike. A nan ne za a iya cewa karatun gaba da digiri na wannan fanni ya samo tushe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a hannunsa, Bafaranshe Alexis Millardet, shi ne ya lura a 1882 cewa inabin bakin hanya da manoma ke yayyafa wa gishirin jan ƙarfe haɗe da farar ƙasa, don su tsorata ɓarayi, bai kamu da cutar da ke cinye gonakin inabi ba. A 1885 ya bayyana wannan haɗi, wanda aka sa wa sunan birnin Bordeaux, ya zama maganin feshi na farko da ya bazu a duniya.

Likitan tsiro a hidimar mulkin mallaka

Guraben aiki na farko da gwamnatoci suka buɗe wa masanan wannan fanni, tsoron asarar kuɗin fito ne ya buɗe su. A 1869 cutar tsatsa ta bayyana a gonakin kofi na tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Turawan da ke da gonakin sun yi shekara goma suna kallon arzikinsu na zubewa kafin gwamnati ta aiko da wani saurayi da ya gama Jami'ar Kambirij, Harry Marshall Ward, a 1880. Ward ya bi rayuwar ƙwayar cutar daki-daki, ya nuna iska ce ke kwasarta daga gona zuwa gona, ya kuma yi gargaɗi cewa shimfiɗa iri ɗaya a kan duwatsu da kwaruruka ba tare da wani abu a tsakani ba tamkar shimfiɗa wa cuta tabarma ne. Ya faɗi gaskiya, amma ya zo a makare. Kofi ya mutu, masu gonaki suka koma ga shayi, abin da ya sa har yau aka san tsibirin da ganyen shayi.

Ward ya koma gida ya zama shehun malami a Kambirij a 1895. Almajirinsa, Rowland Biffen, ya nuna a 1905 cewa juriyar alkama ga wata irin tsatsa gadonta ake yi bisa ƙa'idojin da Mendel ya gano. Ma'anar wannan ita ce ana iya aurar da iri mai juriya da iri mai yawan yabanya a sami ɗa mai halin biyu. Daga nan likitan tsiro da mai kyautata iri suka zama abokan tafiya.

Haka kuma wani ɗan Ayalan, Edwin Butler, wanda ya karanta likitancin mutane, ya tafi Indiya a 1901 ya duƙufa kan cututtukan shinkafa da rake da alkama. Da aka kafa ofishin nazarin funfuna na ƙasashen daular Ingila a Kew a 1920, shi aka ba shugabanci. Zuwa wannan ofishi ne ma'aikatan gona na Afirka da Asiya suka riƙa aika busasshen ganye mai ciwo cikin ambulan don a gaya musu sunan cutar. A Afirka ta Yamma ma haka aka yi: cutar kumburin reshen koko da aka ba da rahotonta a Gwalkwas, watau Gana ta yau, a 1936, ita ta jawo kafa tashar bincike ta Tafo a 1938. Za ku lura cewa koko da kofi, kayan da ake kaiwa Turai, su suka fara samun likita. Dawa da gero, abincin talaka, sun daɗe suna jira.

Amurka da tsatsar alkama

Sassan jami'a na musamman domin wannan fanni a Amurka suka fara kafuwa. Jami'ar Cornell ta buɗe nata a 1907, Jami'ar Minesota ma a wannan shekara, aka kuma kafa ƙungiyar masanan fannin a 1908. A Minesota ne E. C. Stakman, wanda ya sami digirin dakta a 1913, ya gano cewa tsatsar karan alkama ba abu guda ba ce, tana da jinsuna masu yawa, sababbi kuma na fitowa, ta yadda irin da ya jure bana yana iya faɗuwa baɗi. Annobar 1916 ta yi wa alkamar Amurka da Kanada mummunar ɓarna ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa a 1918 gwamnati ta ba da kuɗi aka shiga tumɓuke wani ɗan itace mai suna barberi, wanda a jikinsa ƙwayar ke hayayyafar da ke fitar da sababbin jinsuna.

Wani ɗalibin ilmin gandun daji, Norman Borlaug, ya saurari laccar Stakman a kan tsatsa, ya sauya fanni, ya sami digiri na biyu a 1940 da na dakta a 1942. A 1944 ya tafi Meziko ƙarƙashin shirin Gidauniyar Rockefeller. Dabararsa ita ce noma alkama sau biyu a shekara, sau ɗaya a kan tudun Toluca, sau ɗaya a kwarin Yaqui da ke arewa, domin ya rage rabin lokacin da ake ɗauka kafin a fitar da sabon iri. Zuwa 1956 Meziko ta ci da kanta wajen alkama. Irin da ya fitar ya isa Indiya da Pakistan a shekarun 1960, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaruruwan matasa daga Asiya da Afirka da Latin Amurka da suka sami horo a gonakin gwajin Meziko, suka koma ƙasashensu suka riƙe sassan bincike. Daga wannan shiri cibiyar CIMMYT ta fito a 1966, shekara guda kafin a kafa IITA a Ibadan.

Darasin da ya iso ƙofar gidanmu

A 1970, shekarar da Borlaug ya karɓi lambarsa, wata cutar ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda mafi yawan irin da kamfanoni ke sayarwa daga tsatso ɗaya ya fito. Kuskuren Ayalan da na Silon ke nan aka sake a ƙasar da ta fi kowace yawan masana.

Bayan shekara biyar abin ya zo mana. A daminar 1975 cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganye ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya, jim kaɗan bayan farin da ya addabi yankin Sahel. Akwai wasu dalilai da suka haɗu suka kawar da dalar gyaɗa ta Kano, ciki har da fari da komawar hankalin gwamnati ga man fetur, amma wannan annoba ta sa manoma da yawa suka bar gyaɗa suka koma ga wake da dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tare da cibiyar ICRISAT, ta yi shekaru tana aikin haɗa juriya da saurin nuna, kafin ire-iren SAMNUT masu wannan hali su isa hannun manoma a farkon shekarun 2000. A lissafa tazarar: kusan shekara 25 tsakanin annoba da magani.

Inda aikin yake a yau

Bayan nasarorin shekarun 1960 da 1970, ƙasashe da yawa suka ɗauka an gama da tsatsar alkama, aka rage kuɗin bincike, wasu sassan jami'a aka narkar da su cikin wasu. Sai a 1998 aka ga wani sabon jinsi a Uganda, wanda aka sa wa suna Ug99, mai iya karya juriyar da alkamar duniya ta dogara a kanta shekara da shekaru. Ya shiga Kenya da Habasha, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman a 2006, ya isa Iran a 2007. Borlaug, yana da shekara fiye da 90, shi ya fito yana kiran a farka, aka kafa shirin haɗin gwiwa na duniya a 2005. Haka nan wata cutar alkama da aka fara gani a Barazil a 1985 ta ɓulla a Bangaladash a 2016. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka kan lalata har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya kowace shekara.

Saboda haka ɗalibin da ya shiga wannan fanni yana da ƙofofi da dama. Akwai koyarwa da bincike a jami'a. Akwai cibiyoyin ƙasa da ƙasa irin waɗanda na ambata. Akwai aikin tsare iyaka, watau binciken iri da tsiro a tashoshin jiragen ruwa da na sama, bisa yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951. Akwai kamfanonin iri da na magani, da kuma aikin malamin gona mai duba ciwo a gaban manomi. Kayan aikin sun sauya: wanda ya yi digiri na biyu a yau sai ya iya karanta ƙwayoyin gado na cuta, ya iya lissafin yaɗuwarta da kwamfuta. Amma wajibi ne ya iya shiga gona ya bambance burtuntuna da tsatsa da idonsa, ya kuma iya sauraron manomi, domin manomi ne kan fara ganin sabon ciwo.

Shawarata ga hukumomin jami'a da gwamnatoci ita ce a ware guraben karatun gaba da digiri na wannan fanni a shekarun da gona ke lafiya, a kuma tanadi aikin da ɗalibin zai kama in ya gama, don kada mu horar da shi wata ƙasa ta mora. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma ɗalibai, in kuna neman fannin da aikinsa zai taɓa tukunyar kowane gida, ga shi nan. Gero da dawa da wake da rogo suna da cututtukan da har yanzu ba su sami isassun masu nazari ba, kuma ba wanda zai zo daga nesa ya san su fiye da wanda ya tashi a cikinsu.