Hotunan Majigi: Tarihinsu da Halin da Namu Suke Ciki

Waɗanda suka yi kwalejin horon malamai tare da mu a ƙarshen shekarun 1970 za su tuna daren da ake rufe tagogin zaure, a rataya farin ƙyalle, malamin labarin ƙasa ya kunna majigi. Abin da yake zurawa cikin na'urar wani ɗan gutsuren fim ne mai launi, an ɗaure shi cikin kwali mai faɗin inci 2 kowane gefe. Shi muke kira hoton majigi, kuma kalmar majigi kanta ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba tsohuwar fitilar haska hotuna. 'Yan'uwa mazauna birane, tarihin wannan ɗan kwali muke so mu waiwaya a bana, domin wani yanki na tarihin garinmu yana kwance a cikinsa.

A shekarar 1935 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da fim mai suna Kodachrome. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, makaɗa ne, binciken launi kuwa sha'awa ce ta ja su. Da farko an yi shi don silima, a 1936 aka fito da na kyamarar hannu, a shekarar da Jamusawa ma suka kawo nasu, Agfacolor. Ektachrome ya biyo baya a 1946, Velvia na kamfanin Fuji kuma sai a 1990.

Bambancinsa da fim ɗin da masu hoto na kasuwa suka saba da shi shi ne, idan an wanke shi hoton yana fitowa kai tsaye da launinsa na gaskiya. Fim ɗin da ya zauna cikin kyamara ranar sallah shi ne hoton, ba shi da na biyu. Don haka ɗaukarsa sai gwani. Haske ya ɗan yi yawa, farar rigar hakimi ta zama fili babu aiki babu zare. Ya ɗan gaza, fuskokin mutane su nutse cikin duhu, kuma babu gyara a wurin wanki. Da irin ranar ƙasarmu, masu hankali kan jira safiya ko la'asar.

Wankin Kodachrome ma wani aiki ne. Rinin launukansa ba ya cikin fim ɗin, a lokacin wanki ake shigar da shi, saboda haka sai manyan ɗakunan wanki ƙalilan ke iyawa. Mai hoto kan sa fim ɗinsa cikin ambulan ya aika Ingila ta gidan waya, ya zauna jira na makonni. Wannan ya sa a wajenmu abin ya tsaya hannun malaman kwaleji, jami'an gona, likitoci da baƙin Turawa, sai ɗalibanmu da suka je karatu waje suka dawo da kyamara a wuya.

Kyamarar zamani ce ta karya kasuwarsa. Kodak ya daina ƙera majigin a 2004, ya daina yin Kodachrome a 2009, ɗakin wanki na ƙarshe da ya rage a duniya, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010. Ektachrome ya ɓace a 2012, aka dawo da shi a 2018.

To, ina namu? Kodachrome yana riƙe launinsa shekaru da dama muddin yana cikin duhu, hasken majigi ne ke cinye shi. Tsohon Ektachrome kuwa ko a cikin akwati yakan rine ya koma jaja-jaja. Ga zafin bazara, ga laimar damina mai kawo fumfuna, ga ƙurar hunturu, ga gara mai cin kwali. Mun taɓa buɗe wani akwati a siton wata makaranta da muka shugabanta, muka tarar da hotunan ranar wasannin makarantu sun manne da juna, fumfuna ta yi musu saƙa kamar yanar gizo. Ƙalilan muka ceto. Laifinmu ne, domin shekara biyar muna wuce akwatin ba mu tambayi abin da ke ciki ba.

Maganin shi ne a kwafe su cikin kwamfuta da na'urar sikana wadda aka yi don fim, mai haskawa ta bayansa. Irin ta takardun ofis ba ta yi. Fuskar fim ɗin milimita 24 ce da 36, amma idan aka kwafe ta a kan ɗigo 4,000 kowane inci, ana samun ɗigo sama da miliyan 20, abin da ya isa a buga babban hoton bango. A hure ƙura da iska, kada a goge da bakin riga, a riƙe kwali ta gefe. Na'urori da yawa suna da dabarar share ƙura da kansu, sai dai dabarar takan ɓata Kodachrome, gara a kashe ta in an zo kansa. Bayan an kwafe, kada a zubar da na asali, kuma a ajiye kwafin a wuri biyu.

Abin da ya fi sikanin gaggawa shi ne sunaye. Dattawan da za su kalli hoto su ce wannan tsohuwar kasuwa ce kafin a tashe ta, wancan kuma wane ne ɗan wane, suna raguwa kowace shekara. Muna roƙon duk wanda mahaifinsa ya bar irin waɗannan kwalaye a Kaduna, Kano, Legas ko Abuja, ya zo da su taron sallah mai zuwa, tare da duk abin da aka rubuta a jikin akwatin, ko da da fensir ne.