Daga Turmi Zuwa Inji: Malamin Duba Gyaɗa da Kasuwarmu

'Yan uwa, a da manomi da mai saye ke yanke wa gyaɗa daraja tsakaninsu. A shekarun 1950 hukumar sayen amfanin gona ta ƙara farashin gyaɗar da ƙwayarta ba ta farfashe ba, malamin duba gyaɗa ke tantancewa. Iyayenmu a Gwarzo da Kabo a turmi suke ɓare ta, taɓarya kuwa fasa ƙwaya take. Dole aka koma injin hannu. Gyaɗa ta yi kyau, amma hukunci ya koma bakin wanda bai noma ba, bai saya ba. Da aka rushe hukumomin a 1986, muka koma cinikin ido. Yau mai tsoron tsakuwa sai ya zazzage buhu da kansa.